Yayar Auta ma yarinya ce

Akwai tatsuniyar da tun ina ƙarama take min ciwo a rai, ban gane dalili ba sai da na girma. Tatsuniyar Auta ce. Yadda aka ba mu ita, iyaye ne ciwon ajali ya kama su sai suka kira babbar 'yarsu suka bar mata wasiyya ƙwaya ɗaya tal, duk abinda za ki yi kar ki bari Auta ya yi kuka. Shikenan suka cika. Auta ya tashi yace shi fa sai ya cinna wa rumbu wuta, ta hana shi, ya wage baki zai yi kuka, ta tuna wasiyya tace to ƙona. Abincinsu na shekara ya ƙone ƙurmus ta goya shi suka shiga duniya. Suka sauka gidan sarki aka karɓe su hannu bibbiyu, ya tsone wa ɗan sarki ido, ta sake saɓa shi a baya ta ranta a na kare, har tsuntsun da ya zo ya ɗauke su daga kan bishiya ya cece su bai tsira daga ɓarnarsa ba. Daga ƙarshe ya kashe Dodo da duwatsun da ya gasa a wuta, gari ya ɗauka, sarki ya yi masa kyauta, ƙurunƙus kan kusu.

Muna yara dariya muke har da riƙe ciki, kowa so yake ya zama Auta. To ita yayar fa? A bakin wadda ta ba mu labarin ko suna ba ta da shi, yayarsa kawai ake cewa. Ba inda aka tsaya aka faɗa mana me ta ji ranar da ta kalli idon mutanen da suka ba su masauki da tuwo bayan ƙaninta ya nakasa musu ɗa. Ni kuma wannan wajen nake son ji, don na san shi.

Ni 'yar fari ce, mu bakwai ne a wajen Ummanmu, a unguwar Agege ta Legas aka haife ni a nan na tashi. Baba yana harkar shanu a abbatuwar Oko-Oba, kafin asuba ya fita, Umma tana waina da safe tuwo da dare. Ciki da falo ne a gidan haya irin mai ɗakuna suna kallon juna, maƙwabta Yarbawa da Ibo da wasu 'yan Nijar, banɗaki layi, famfo layi. Ina aji biyar na firamare malamarmu tace in zo da uwata saboda wani kuɗi da ba mu biya ba. Umma ba ta jin Turanci, Yarbancinta na cefane ne kawai, don haka ni ce tafinta. Muka shiga aji ina goye da ƙanina saboda ita tana ɗauke da jaririya ga tsohon ciwon baya. Malamar nan ba ta ja mu gefe ba, a gaban yara sama da hamsin ta fara magana, Turanci tana haɗawa da Yarbanci, cewa mutanenmu sun iya haihuwa ba su iya biyan kuɗi ba. Ta juyo tace in faɗa wa uwata. Umma ta kalle ni tace ke, me tace? Nace tace don Allah a yi ƙoƙari a kawo kafin Juma'a. Umma tace ki ce mata in Allah ya yarda. Ina cikin juya wannan sai naji ɗumi a bayana, yaron ya saki fitsari ya bi rigar makaranta ya gangaro har cikin safa. Ajin ya fashe da dariya. Har na gama makarantar nan da sunan da suka laƙaba min ranar ake kirana.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Kuma abinda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai da na haura talatin shi ne a wannan minti ɗin na ji haushin Umma, na ji haushin mayafinta da ya koɗe, na ji haushin yaron, na so a ce ban san su ba. Kafin mu iso gida kuma haushin ya juyo kaina, na yi ta istigfari a zuci ina ganin ni 'yar wuta ce tunda har na ji kunyar wadda ta haife ni. Shekarata 11. Da muka shiga gida aka miƙo min jarka aka ce ruwa ya ƙare.

Abinda nake son faɗa ke nan, kuma da marubutanmu nake. Yaro ɗan fari yana ɗauke da kaya biyu, ɗaya a ka kowa na gani har ana sa masa albarka, ɗaya a ciki, tsoron kar a gan shi, kar a yi masa dariya, kar gidansu ya tonu a gaban sa'anninsa. Labaran da muke ba yara sun cika da na farkon, na biyun kuwa ko dai a yi kamar babu shi ko a mayar da shi zunubi.

Ku duba littattafan karatu da ake ba yaranmu a makarantun Legas da ƙananan labaran da ake sayarwa a bakin titi. In babbar ya ta fito a ciki to waliyyiya ce, ta tashi kafin zakara, ta yi shara ta yi wanke-wanke ta yi wa ƙanne wanka ta tafi makaranta ta zo ta ɗaya, ba gajiya ba ƙunƙuni, a shafin ƙarshe wani mai kuɗi ya ɗauki nauyin karatunta. In ba ita ba to ɗayar ce, mai girman kai, wadda ta hango uwarta da farantin talla ta kau da kai tace wa ƙawaye mai aikin gidansu ce, ita wannan kun san ƙarshenta, uwar za ta mutu ko ita ta faɗi jarrabawa ta dawo tana kuka tana da na sani. Yarinyar da ta karanta waɗannan biyun tana duba kanta ta ga ba ta kai ta farko ba, sai ta yanke wa kanta hukunci cewa ita ce ta biyu. Haka na yi. Alhali yawancin 'ya'yan fari ba ko ɗaya daga ciki, yara ne da suke jin kamar su nutse in ƙaninsu ya biyo su makaranta ba wando, amma duk wanda ya taɓa yaron nan sai inda ƙarfinsu ya ƙare.

Akwai wani abu kuma da ya sa namu ya fi na sauran ƙabilu nauyi, alkunyar ɗan fari. Duk Bahaushe ya san ta, Fulani ma sun fi mu tsanantawa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ana maganarsa sai ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba. Ni har yau Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, ke ce, ko yarinyar nan, in ta ji daɗi tace yayarsu. Ba na zagin wannan al'ada don na je gida na ga yadda aka gina ta. A can da an yaye yaro sai kaka ta ɗauke shi, ko goggo ko wata inna ta riƙe shi, ita ce za ta shagwaɓa shi, ta ɓoye masa ƙanzo da ƙuli-ƙuli, ta kira shi mijina ko ta kira ta kishiyata, in an dake shi ta fito da faɗa. Abinda uwa ta riƙe saboda kunya kaka ta biya shi ninki biyu. To mu da iyayenmu suka biyo hanyar da kakanni suka buɗe tun zamanin fataucin goro da layin dogo suka zauna a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, mun taho da kunyar amma mun baro kakar, tana can tafiyar kwana guda a mota, sai Sallah in an samu kuɗin mota. Sai ya zama ɗan farin Legas uwarsa tana jin kunyarsa kamar yadda aka koya mata, ba kuma wata cinya da zai je ya kwanta a kai. Ana ce masa babba juji ne, ka yi haƙuri kai ne babba, bar masa ai ƙaninka ne, kuma mai wannan girman shekararsa tara.

Ga aikin da birni ya ƙara masa wanda ɗan farin ƙauye bai san shi ba. Shi ne bakin gidan. Shi zai je asibiti ya faɗa wa nas inda ke wa uwarsa ciwo, wani lokacin ciwon da bai kamata ma ya ji sunansa ba. Shi zai tsaya gaban mai gida in an zo karɓar haya ya juya faɗan zuwa Hausa, shi zai karanta takardar wuta, shi zai yi rigima da kwandastan motar haya ta danfo a kan canji. Duk wata baƙar magana da garin nan zai faɗa wa iyayensa ta kunnensa take fara bi, shi zai tace ta ya miƙa musu mai sauƙin ya haɗiye sauran. Na maza kuma nasu daban ne, babban wa uba, da ya kai sha biyu sai a fara jan shi rumfa. Na san yaran da tun da aka hana acaba a manyan sassan Legas a Fabrairun 2020, aka sake tsanantawa a Yunin 2022, iyayensu maza suka rasa abin yi ko suka koma gida neman wata hanyar, su suka koma dakon kwandon tumatur da albasa a Mile 12 ranar Asabar da lokacin hutu. Wani a cikinsu ya faɗa min ba nauyin kwandon ke damunsa ba, kullum idonsa na kan hanya kar uwar wani ɗan ajinsu ta zo cefane da ɗanta su gan shi, in ya hango mai kama da su sai ya ja hula ya rufe fuska. Wa zai faɗa wa wannan? An riga an ce masa namiji ba ya kuka.

Karon farko da na ga an rubuta irin abinda nake ji, a wani tsohon littafin Turawa ne cikin na gwanjo da ake bazawa a ƙasa wajen Yaba, bangonsa ma ya cire. Wata yarinya ce ƙaninta ya ba ta kunya a taron makaranta, ta ji kamar ta mutu, ta yi fushi ta ƙi yi masa magana kwana biyu, kuma abin mamaki ba a kashe mata uwa ba, ba a faɗar da ita jarrabawa ba, labarin ya bar ta ta ji abinda ta ji sannan ta huce don kanta. Na karanta shi ya fi sau biyar. Amma ko a lokacin na san ba labarina ba ne, ita tana da ɗakinta ita kaɗai da za ta shiga ta rufo ƙofa, ba jarka a ciki, ba talla, ba uwar da ba ta iya kiran sunanta.

Da Hausa fa me muke da shi? Muna da taska, ba musu. Tun tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga tatsuniyoyinmu har littafi uku, Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930 don 'yan makaranta, Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni, Allah ya jiƙansu da suka rigaye mu. Amma duniyar sarakuna ce da waziri da Gizo da Ƙoƙi da 'yar bora da 'yar mowa, kuma ko su ɗin ka zaga Agege ka ga shago nawa za ka same su. Yaranmu a makaranta Turanci suke yi da Yarbanci, tun 2018 ma jihar ta yi doka ta wajabta koyar da Yarbanci, ni ban ga laifinsu ba harshensu suke karewa. Hausa sai a gida da Islamiyya. To yarinya 'yar sha biyu da ta iya haɗa baƙi in tana son karanta labari da harshenta ina za ta? Wayar uwarta za ta ɗauka ta faɗa guruf ɗin WhatsApp na littattafan soyayya, daga Gizo kai tsaye sai kishiya da daren farko. Tsakanin shekara takwas da sha uku, daidai lokacin da dariyar 'yan aji ta fi bulala zafi, nan ne muka bar wa yaro fili fetal.

Kuma ba marubuta muka rasa ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da mata masu alƙalami, da yawansu na tabbata 'ya'yan fari ne da suka yi goyo kafin su iya ɗaura zani. A ɓangaren Turanci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG dala dubu 100 ce, kuma tana zagayowa kan littafin yara duk bayan shekara huɗu, ko a 2024 shi aka yi. Wato wasu sun ɗauki rubuta wa yaro a matsayin babban aiki. Mu kuwa har yanzu in mutum yace littafin yara yake rubutawa sai a ga kamar bai iya na manya ba ne.

Na taɓa yin wannan maganar a gaban wani dattijo da nake girmamawa a unguwarmu, yace 'yata ki bi a hankali, kunya ai imani ce, in kika rubuta wa yara cewa ba laifi su ji kunyar iyayensu kin buɗe ƙofar raini, gobe sai yaro yace ba zai ɗauki ƙaninsa ba. Nace Baba gaskiya ne, ban musa ba. Na daɗe ina juya maganarsa don ba maganar banza ba ce, mun ga yaran da boko da waya suka sa suna ƙyamar gidansu. Amma ina ganin kalmar ce ta haɗe mana abu biyu. Kunyar da Annabi (SAW) yace tana daga imani ita ce wadda ke hana ka aikata mummuna. Wadda nake magana a kai ita ce ta muzanta, ta tozarci, abinda yaran yanzu ke cewa an yi min disgi ko an yarfa ni, wannan ba hali ba ne da yaro ya zaɓa, ciwo ne da ke kama shi kamar yadda wuta ke ƙona hannu. Ba littafi ne zai koya masa ita ba, da ita yake kwana. Abinda littafi zai yi shi ne ya nuna masa wani ma ya ji haka kuma bai zama ɗan banza ba, ya koma gida ya ɗauki ƙaninsa. Ni a ganina yaron da aka ce masa abinda kake ji sunansa kaza kuma zai wuce ya fi kusa da ci gaba da son gidansu a kan wanda ya binne abin shekara ashirin. Na san manya da yawa da suka yi wa ƙannensu komai, makaranta, aure, jari, amma ba sa iya zaman minti goma da su ana hira, wani abu ya daskare tun suna yara ba a taɓa fito da shi ba.

Hadisin da ake yawan ja mana ma, wanda yace ba ya tare da mu wanda bai ji ƙan ƙaraminmu ba bai kuma girmama babbanmu ba, kullum ɗan fari a layin manya muke sa shi don ya ji ƙan na ƙasa. Ɗan shekara goma ai a layin ƙanana yake. Sannan ku buɗe Suratu Yusuf aya ta 80. Bayan an riƙe ƙaninsu a Masar 'yan'uwan suka keɓe suna shawara, sai babbansu yace ba ku san mahaifinku ya riƙi alkawari daga gare ku da sunan Allah ba, ga kuma sakacin da kuka yi game da Yusuf tun da farko, ni ba zan bar ƙasar nan ba sai babana ya yi min izini ko Allah ya yi min hukunci. Duk lokacin da na zo wajen nan sai jikina ya yi sanyi. Ga babban wa, an damƙa musu amanar ƙarami abin ya kuɓuce, ya kasa haɗa ido da mahaifinsa. Mafi kyawun labari bai tsallake abinda ke cikin zuciyar babba ba, ya tsaya ya ba shi baki ya yi magana.

Kar kuma a fahimce ni a karkace, ba labarin da yaya za ta yar da goyo ta kama gabanta tace rayuwarta ce nake nema ba, wannan ba namu ba ne kuma ƙarya ne. Goyon nan ya ba ni abubuwa, yaron da ya jiƙa min riga yau ba ya yanke shawara sai ya kira ni, kuma Umma ba mugunta ta yi min ba, hannu biyu gare ta 'ya'ya bakwai. Labarin da nake so ƙarami ne. Yarinya a Agege da ke ratsa ƙarƙashin gadar Pen Cinema da kular waina kafin ta wuce makaranta tana addu'ar kar ta haɗu da 'yan ajinsu, tana magana yadda yaranmu ke yi, Hausa da ɗan Yarbanci da burokin a ciki. Ta ji kunyar, ta yi ƙaryar da yara ke yi don rufe ta, ƙaryar ta kusa tonuwa, gabanmu ya faɗi tare da nata. A samu babba ɗaya a labarin, ko maƙwabciya ko malamin Islamiyya ko mai shayin bakin layi, da zai lura ya kira ta da sunanta. A bar uwar da ranta. In bugawa ta yi tsada a karanta shi da murya a tura ta waya, iyaye mata za su kunna suna tuyar waina, su ma su ji.

Yanzu ina koyar da 'yan aji uku a wata Islamiyya da yamma, ranar Laraba in mun gama hadda da wuri nakan ba su labari. Kwanaki na ba su na Auta yadda aka ba ni, suka yi ta dariya wajen rumbu da wajen tsuntsu kamar yadda muka yi. Akwai wata da ke zama a baya kusa da ƙofa saboda kullum da ƙanwarta take zuwa, in ta fara rigima ta fita da ita. Ba ta yi dariya ba. Da aka tashi kowa ya fita tana ɗaure goyo sai ta matso tace Malama, da ta bar shi ya yi kukan me zai faru? Nace me kike gani? Ta yi shiru tana gyara zanin, can tace ai in ya gaji zai yi barci. Sai ƙaramar ta fara ƙananan kuka, ta jijjiga ta, ta ɗauki jakarta da takalman su biyun a hannu ta fita.